Mai Wuƙaƙe Ba Wuƙa a Aljihu

Ku da kuke zama bisa bencina kuna jiran wayoyinku su sha wuta a shagon maƙwabci, ina jin abin da kuke faɗi in na juya baya. Wai sana'ar Baba Isuhu ba ta wuce a shimfiɗa buhu bisa tebur, a jera wuƙaƙe, a zauna ana korar ƙuda. Kun yi gaskiya. Ƙudan ma ba kullum nake samun ƙarfin korarsa ba. To tunda wayoyin ba su cika ba, kuma ba inda za ku iya zuwa ba su, ku matso ku ji yadda zaman nan yake.

Wuƙar farko da na sayar a duniya maido ta anka yi, kuma mari ya rako ta. Lokacin ina Baudeta wajen kawuna Ɗan Jimo maƙeri, ina yi mishi zuga. Da bazara hauya da kwashe yake ƙerawa, in an gama girbi ya koma wuƙaƙe, don lokacin ne maza ke ɗaure kaya su tafi cin rani. Wata rana ya tafi masallaci ya bar ni gadin maƙera, sai ga wani mutumin Korgom da jaka a kafaɗa, ya ce wuƙar tafiya yake so. Na ɗauko mishi wadda ta fi kowace tsawo, mai jan kube, na ce wagga ko zaki ya gan ta sai ya ba ka hanya. Ya biya ya tafi yana murna, ni ma ina murna. Kawu ya gamu da shi bakin kasuwa, ya gane aikin hannunsa a rataye, ya jawo shi har maƙera.

"Ina za ka?" in ji kawu.

"Kano."

"Da mi?"

"Da mota, in Allah ya yarda."

"Mi za ka yi can?"

"Ga-ruwa."

"To, mai ga-ruwa, wa za ka yanka a Kano?"

Kawu ya karɓi doguwar, ya ba shi wata ƴar ninke da ba ta fi tsawon yatsa ba. Ya ce ta ishe shi yankan farce da goro da igiyar jarka, kuma ba mai tsayar da shi kan iyaka saboda ita. Sai da mutumin ya ɓace sannan kunnena ya sami nasa rabo. Kawu bai iya wa'azi ba. Abin da ya ce kawai, kafin a nuna wa matafiyi wuƙa, a tambaye shi hanyarsa.

Da na dawo Tasawa na kafa tebur nan bakin tasha, kayan aikina duka jaka guda ke ɗaukarsu: dutsen wasa mai fuska biyu, magagari, guntuwar fatar sa, ƴar masaba, ƙusoshi, da kwalbar man keken ɗinki. Akwai kuma wani ɗan dutse siriri da ba ya barin aljihuna, kamar yadda goro ba ya barin na wasu.

Wani mai haƙar rijiya ya taɓa zuwa ya ajiye mini ƙotar wuƙa bisa tebur, ƙota tsura. Ya ce a wata kasuwa ya saye ta don ta fi duka sheƙi. Yana bakin rijiya yana yankan igiya, ruwan wuƙar, wato ƙarfen, ya fice ya faɗa ƙasa, ya bar mishi ƙotar don tunawa. Shi na fara koya wa abin da nake koya wa kowa. Ka buɗe ta, ka riƙe ruwan, ka girgiza. In ka ji yana rawa a mahaɗa, ajiye ta. Ka danna bayanta bisa gefen tebur. In ta rufe ba da izininka ba, wata rana bisa hannunka za ta rufe. Wadda ke sheƙi kamar madubi, sau da yawa madubin ne iyakar aikinta, amma ba ta tsatsa, ta dace da mai cin mangwaro da sardin a hanya. Baƙin ƙarfe yana tsatsa in ka yi sakaci, sai dai yana ɗaukar kaifi kuma yana riƙe shi. Wanda zai kwana daji, kamar masu rijiyar nan, ruwa mai kauri yake bukata da ɗan zarto na yankan reshe. Makiyayi kuwa kar ka ɓata bakinka, mai kube yake so. Sannan ka auna nauyinta a tafin hannu, don mai nauyi huda aljihu take yi, ta sauka a hanya ba sallama.

Haka nake ta tambayar mutane hanyarsu shekara da shekaru, har wuƙa mai baki goma ta shigo gari. Lokacin da zinariya ta ɓulla a arewa ne, samari na tashi daga tashar nan kowace safiya. Kun san ta: awartaki, turnabis na kwance ƙusa, almakashi, zarto, abin buɗe gwangwani, cokali, tsinken sakace, duk a naɗe cikin ciki ɗaya. Akwai ma wani baki murɗaɗɗe kamar ƙahon rago, wanda anka ce mini na cire marufin kwalbar giyar Turawa ne, kwalbar da ban taɓa gani ba a Tasawa. In an tambaye ni, sai in ce na kwance ƙullin igiya ne, kuma yana kwancewa. Har wani liman ya sayi ɗaya saboda shi. Ban ga amfanin yi mishi ƙarin bayani ba.

Samarin ba su son tambaya. In na ce ina za ka, sai in ji, "Baba, ba ni mai cokali." Mutum zai tafi inda ba miya, yana ciniki kan cokali. Ban hana su ba. A cikin kwali akan sami masu kirki, waɗanda awartakinsu ke iya riƙe sarƙar babur ba tare da ya buɗe baki ba, kuma su nake ware wa wanda ya tsaya ya saurare ni. Saura, in cikin baki goma uku na aiki, ka yi sa'a. Ƴar wuƙar da ke ciki ita ce autar gida, ba ta da tsawo, amma in an wasa ta tana yanka.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kallon mai baki goma da idon rahama ba, Akali, wani Buzu daga wajen Mayahi mai fataucin raguna. Wuƙarsa guda ce, baƙin ƙarfe, ta ɗan fi tafin hannu tsawo. Yana da dalili. In an cusa raguna cikin babbar mota da zafi, wani yakan faɗi ƙarƙashin ƙafafun ƴan uwansa, kuma in ba a yanka shi da sauran numfashi ba ya zama mushe, ba a ci, ba a sayarwa. Kowace shekara kafin layya sai ya kawo mini ita in wasa. Ya gwada ta bisa gashin hannunsa, ya sha shayina, ya zagi kayana.

"Isuhu," yakan ce, "wagga mai cokali, in ta haihu ka ajiye mini ɗiya ɗaya, yara su yi wasa."

Sai muguwar shekara ta zo. Hanya ta lalace da ƴan fashi, anka ƙara shingaye, masu kaki sunka fara karɓe duk wani abu mai kaifi daga hannun fasinja. Ban ga laifinsu ba, umurni anka ba su, kuma an sha kashe mutane a hanyar. Amma wuƙar da ta shiga buhunsu ba ta san hanyar gida ba. Labari ya bazu. Matafiyi ya riƙa ratse teburina kamar mai ƙyanda ke zaune a nan. Ni kuwa ban daɗe da sauke kwalaye cike da mai baki goma ba, duk abin da na mallaka yana cikinsu. Tukunyar gidana ta fara koyon azumi tun watan bai tsaya ba. Akuyoyin maiɗakina sunka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Abokan sana'ata biyu sunka nannaɗe buhunsu, ɗaya ya koma sayar da tabarau, ɗaya ya bi samarin arewa.

Wani mai gyaran babur ne ya fid da ni, ba da saninsa ba. Zai tafi Damagaram, ya tsaya yana juya mai baki goma a hannu, ya ce, "Baba Isuhu, awartakin da turnabis nake so, amma ƴar wuƙar nan za ta sa a karɓe mini duka." Na dube shi, na dubi masaba. Na buge ƙusar mahaɗa, na zare ruwan wuƙar, na maida ƙusa na dandaƙe. Ya tafi ya dawo da abarsa a aljihu, ba shingen da ya riƙe ta, kuma bakinsa bai yi shiru ba. Kafin wata ya zagayo, duk tashar nan ta san Isuhu mai wuƙar da ba a kamawa. Har tsada na ƙara mata, ladan cirewa. Ruwan wuƙaƙen da na zare sunka cika tsohon gwangwanin madara ƙarƙashin tebur. Tukunya ta sha ruwa. Kawu Ɗan Jimo ya riga ya rasu lokacin, Allah ya rufa mishi asiri bai ga abin da zugarsa ta haifa ba.

Da layya ta matso Akali ya kawo tasa kamar kullum. Na wasa, na ce mishi bana ya bar ta gida, ga wadda ke wuce shinge.

"Da awartaki zan yanka rago," ya ce, "ko da cokali?"

"Za su karɓe ta, Akali."

"Zan yi musu bayani. Su ma suna cin nama."

Ya zamana kwalayena sun ƙare, ina son zuwa Maradi in sauko da wasu, sai ya ce in hau motar da ya ɗauka. Ni mai wayo, na bar tawa wuƙar a gida, na sa ɗaya marar ruwa a aljihu don in nuna wa dillali irin da nake so.

Raguna na ƙasa, mutane na sama bisa katako, akasari ƴan tashar nan da na sani, kuma kusan kowa na taɓa sayar mishi da kaya. Akwai wata tsohuwa mai sayar da kayan miya, Inna Habsu, da ƙwarya ɗaure cikin zane, za ta ganin ɗiyarta da ta haihu. Rana na tsakar ka munka iso wani shinge. Anka sauke maza anka jera, kowa ya juye aljihu. Mutanena sai alfahari. Mai kakin, wani saurayi, yana buɗe baki ɗaya bayan ɗaya, bai ga wuƙa ba, ya maida wa mai ita. Wasu har suna ƙyafta mini ido. Ɗan dutsena ma ya juya shi, ya ga dutse ne, ya miƙo mini. Da anka zo kan Akali ya yi bayaninsa, da kyau kuwa, har da misalai. Saurayin ya saurara har ƙarshe, ya ce umurni umurni ne. Wuƙa ta shiga buhu, buhu ya shiga ɗakin babbansu. Sai maganar takardun dabbobi ta taso, anka ce sai babban ya sa hannu, shi kuwa ya kulle ɗaki ya hau babur zuwa wani shinge.

Mota ta tsaya cikin rana, ba iska ko ta kaɗa kara. Munka fake gindin wata ƙaya muna fifita da huluna. Can direba ya leƙa ta tsakanin katako ya ce, "Akali, babban ragon naka ya kwanta."

Farin balami ne, wanda matar Akali ta yi shekara tana kiwo da dusa da harawa. Sauran ragunan akasari na mutane ne ya ɗauko, wannan shi ne nasu, kuma da shi za su sayi hatsin da zai kai su girbi. Anka jawo shi ƙasa da ƙyar. Harshe waje, ido na juyawa. Anka zuba mishi ruwa, anka yi fifita, bai ko ɗaga kai ba. Akali ya sa hannu a wuyansa ya saurara, ya tashi ya nufi saurayin.

"Shef, wuƙata, don Allah. In na yanka ka maida ta buhu."

"Baba, ɗakin a kulle yake. Makulli na wajen babbanmu."

Saurayin shi kansa hankalinsa ya tashi. Ya laluba jikinsa, ya tambayi abokin aikinsa, bindigogi ne kawai gare su. Sai wani daga cikin fasinja ya ce, "Ku kwantar da hankali, ai Isuhu mai wuƙa na nan."

Duk anka juyo gare ni, fuskoki sun saki, kamar an ce ga likita. Na sa hannu aljihu, ko da yake na san abin da ke ciki, na fiddo ta. Ganin haka kowa ya fiddo tasa, ko Allah ya sa an manta da ruwa a cikin wata. Ba a manta ba, aikina ba ya da ha'inci. Ga maza sun kewaye rago yana shure-shuren mutuwa, wannan da awartaki, wancan da cokali, wani da ƙahon buɗe kwalba. Wani ya ce a gwada zarto. Wani malami da ke cikinmu ya ce wannan azabtarwa ce, ba yanka ba. Anka kawo maganar almakashi, ya girgiza kai.

Akali ya bi hannuwan da kallo, sannan ya dube ni.

"Isuhu, duk wannan aikinka ne?"

Na ce nawa ne.

"Allah ya ƙara basira," in ji shi.

Duk abin nan Inna Habsu na bisa mota, ba wanda ya ce ta sauko tun farko. Ta sa anka riƙe mata hannu, ta sauko a hankali, ta zauna ƙasa ta kwance zanen ƙwaryarta. Ta tura hannu cikin albasa da busasshen tumatir, ta zaro wuƙa. Irin ta maƙeran ƙauye ce, ƙota naɗe da robar taya, tsini ya karye tun ban san yaushe ba, ruwan ya sirance don tsufa. Da a teburina anka kawo ta, da na ce a ba yara su tona gyaɗa.

Akali ya shafa bakinta da babban yatsa. "Inna, wagga ko tuwo sai ta yi shawara kafin ta yanka."

Na ce ya ba ni. Na tsuguna bakin kwalta, na tofa wa ɗan dutsena miyau, na kwantar da ruwan na fara ja. Hannu ya san aikin, ba sai na gaya mishi ba. Tsohon ƙarfen maƙera ne, irin na kawu, yana jin dutse ya amsa. Ina ja ina jin numfashin ragon yana yin nisa. Na juya ɗaya gefen, na goge bisa takalmina na fata, na miƙa. Anka riga anka juya shi gabas. Akali ya yi bisimilla ya ja sau ɗaya. Jini ya yi tsartuwa, ƙafar baya ta shura da ƙarfi. Malamin ya ce ya halatta. Sai a lokacin mutane sunka tuna da abin da ke hannunsu, kowa ya naɗe cokalinsa ya maida aljihu ba tare da ya dubi ɗan uwansa ba.

Da wuƙar Inna anka feɗe shi gindin ƙayar. Akwai motoci da yawa tsaye a shingen, fasinjojinsu sunka saye naman tsibi-tsibi, masu kaki ma sunka sayi cinya. Bai kai abin da ragon zai yi a kasuwar layya ba, ko kusa, amma hatsi ya shiga gidan Akali, ko da bai kai su girbi ba sai da ya haɗa da kuɗin fatar ragon da na wata tunkiya. Saurayin ya zo ya tsaya kan tsohuwa tana wanke wuƙarta.

"Inna, wagga fa..."

"Ta albasa ce, ɗana," ta ce. Ta goge ta da gefen zane ta tura cikin ƙwarya.

Ya dubi sama, ya dubi hanya, ya tuna yana da aiki wani wuri. Da babbansu ya dawo ya ji labari, ya fiddo wuƙar Akali daga buhu ya ba direba, ya ce ta zauna cikin akwatin kayan gyara har a sauka. Daga baya haka masu raguna sunka riƙa yi, kuma ba a hana su ba. Shekarar da ta biyo Akali ya kawo wuƙarsa wasa kamar kullum, ya sha shayi, sai dai zagin ya ƙaru.

Labarin ya riga ni dawowa Tasawa. Mutane sunka fara zuwa ɗaya-ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, wai ko ruwan wuƙarsu na nan. Yana nan cikin gwangwani. Na riƙa maida musu, da ladan maidawa. An biya ni na cire, an biya ni na maida, ban san wata sana'a mai albarka irin wannan ba.

Bayan salla da ƴan makonni, ina zaune nan, sai ga Inna Habsu ta ratso tasha da ƙwaryarta, tafin hannunta na hagu ɗaure da tsumma. Na tashi na ba ta benci, ina tsammanin albarka ta zo sa mini. Ta zaro wuƙar ta ajiye bisa kayana.

"Kai ne ka ɓata mini wuƙa?"

Na ce, "Inna, wasa ta na yi."

"Wa ya aike ka? Tun ina amarya nake yanka albasa da kuɓewa a tafin hannuna da ita, ba ta taɓa cizona ba. Ka taɓa ta sau ɗaya, ga hannuna. Maida mini ita yadda take."

Na ce in ba ta wata sabuwa kyauta. Ta ce ba ta zo roƙo ba. Direbobi da masu shayi sunka fara matsowa. A gabansu duka na ɗauki magagari, na kafa bakin wuƙar a kai, na yi ta gurzawa har kaifin da na sa ya mutu. Na miƙa mata. Ta fiddo albasa guda, ta ɗora a tafin hannu bisa tsumman, ta danna, ta ƙara dannawa, albasar ta rabe da ƙyar. Ta gyaɗa kai, ta ajiye mini rabin bisa tebur.

"To," ta ce, "ashe ka iya sana'ar."